Nazarin tarihin sujadar Kirista: me za ka karanta, kuma ta ina za ka fara

Yawancin ayyukan da ɗaliban makarantun tauhidi ke rubutawa a kan baftisma ko Jibin Ubangiji hanya ɗaya suke bi. A kawo Matiyu 28:19 ko 1 Korintiyawa 11:23-26, a yi tsalle zuwa Luther da Calvin, a sauka a kan kundin tsarin ɗarikar da ɗalibin ya fito. Shekara 1,500 da ke tsakani kuwa sai a rufe su da jimla guda: "haka ikilisiyar farko ta yi." Wace ikilisiyar? Ta Roma, ta Iskandariya, ko ta ƙauyukan Siriya? A wane ƙarni? Wa ya gani da idonsa ya rubuta? Fagen nazarin tsarin sujada, wanda masana ke kira liturgiya, a kan waɗannan tambayoyin ya ginu, kuma duk littafin da bai koya maka yin su ba, bai kai kuɗinsa ba.

Ka fara da tsofaffin rubuce-rubucen su kansu kafin ka taɓa sharhin kowa. Ba su da yawa. Na ƙarni biyu na farko za ka gama su a yini guda.

Na farko shi ne Didache, wato Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu, mai gajerun babi 16, daga ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2. Philotheos Bryennios ne ya tsince shi a wani ɗakin karatu a Kustantiniya a 1873, cikin rubutun hannu na shekarar 1056, ya buga shi a 1883. Babi na 7 ya ce a yi baftisma a ruwa mai gudu. In babu, a wani ruwan. In ba a samu mai sanyi ba, a mai ɗumi. In duk babu wadatacce, a zuba a ka sau uku. Mai yin baftismar da wanda za a yi wa duk su yi azumi tukuna. Babi na 8 ya sa azumin Laraba da Juma'a da karanta Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Babi na 9 da na 10 ne ke rikita mutane: addu'ar ƙoƙo ta riga ta gurasa, kuma babu kalmomin "wannan jikina ne" ko kaɗan. Kada ka yi saurin gyara masa. Ka rubuta abin da ka gani, ka ajiye.

Na biyu shi ne kāriyar bangaskiya ta farko da Justin Shahidi ya rubuta wa sarkin Roma wajen shekarar 155. Babi na 61 a kan baftisma ne, 65 da 66 a kan Jibi, 67 kuma a kan taron Lahadi: a karanta rubutun manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, shugaba ya yi gargaɗi, kowa ya miƙe a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, shugaba ya yi godiya iya ƙoƙarinsa, jama'a su ce Amin, masu hidima su kai wa waɗanda ba su zo ba, a tara baiko don marayu da gwauraye. Wannan "iya ƙoƙarinsa" shaida ce cewa a lokacin babu rubutacciyar addu'ar da ta zama dole. Ka haɗa da wasiƙar Pliny ga sarki Trajan ta wajen 112, ta 96 a littafi na 10, inda gwamna wanda ba Kirista ba ya ce suna taruwa kafin asuba a wata rana ta musamman suna yi wa Almasihu waƙa kamar ga allah. Sai littafin Tertullian a kan baftisma, daga Kartaj ta Tunisiya ta yau, wajen shekarar 200.

Tun a nan ka koyi raba tushe gida uku. Akwai wanda ke faɗin abin da ya kamata a yi, akwai wanda ke ba da labarin abin da ya gani, akwai kuma ainihin littafin da aka ɗora a kan bagade aka karanta. Nauyinsu ba ɗaya ba ne. Doka sau da yawa tana tona akasin abin da take umarta: da Didache ya hana azumin Litinin da Alhamis, alama ce cewa akwai masu yi, domin ba a kafa shinge inda awaki ba sa bi. Mai ba da labari kuma yana da wanda yake son gamsarwa. Justin yana wanke Kiristoci ne a gaban hukuma, don haka abin da zai kwantar da hankalin sarki ya zaɓa ya faɗa.

Rubutun da ya yaudari manyan masana

Babu darasin da ya fi labarin rubutun da ake kira Apostolic Tradition. A 1910 Eduard Schwartz, sannan R. H. Connolly a 1916, suka ce wani tsarin ikilisiya da aka sani a fassarorin Masar shi ne ɓataccen littafin Hippolytus na Roma, na wajen shekarar 215. Babbar hujjarsu ita ce wani mutum-mutumi da aka tono a Roma a 1551, aka ɗauka siffar Hippolytus ce, mai jerin sunayen littattafai a jikin kujerarsa. Gregory Dix ya fitar da bugunsa a 1937, Bernard Botte a 1963, kowa ya yarda cewa ga sujadar Roma ta ƙarni na 3 a hannu. Amincewar ta kai ga addu'ar godiya ta biyu (irin addu'ar da ake yi a kan gurasa da ƙoƙo) a littafin Mas, wato hidimar Jibi ta Katolika, na 1970 an ɗora ta a kan wannan rubutun, kuma Angilikan da Lutheran da Methodist duk sun ɗebo daga cikinsa lokacin da suka sabunta littattafansu.

Matsalar ita ce asalin Girkancin ya ɓace, sai 'yan gutsattsari. Abin da ya rage fassarori ne: ta Latin a kan fatar da aka kankare aka sake rubutu a kanta a Verona, ta Kibɗanci, wato tsohon harshen Kiristocin Masar, ta Larabci, da ta harshen Ge'ez na Habasha, kuma ba su jitu da juna ba. "Littafin" da ɗalibai ke ambata ɗinki ne da editoci suka yi daga waɗannan. Daga baya Margherita Guarducci ta nuna cewa mutum-mutumin ma asalinsa siffar mace ce, aka gyara shi ya koma namiji. A 2002 Paul Bradshaw da Maxwell Johnson da Edward Phillips suka fitar da sharhinsu a jerin Hermeneia, suka jera fassarorin gefe da gefe ba tare da haɗe su ba, suka ce rubutun tari ne daga wurare dabam-dabam, tsakanin tsakiyar ƙarni na 2 da tsakiyar na 4. Alistair Stewart har yanzu yana kāre alaƙarsa da Roma, kuma a 2011 Alessandro Bausi ya buga wata tsohuwar fassarar Habasha da ta ƙara motsa muhawarar.

Abin yi a aikace: duk littafin da ya ce "Hippolytus ya gaya mana yadda Roma ke sujada a 215" ba tare da wani togaciya ba, ka duba shekarar da aka buga shi. In ka ambaci rubutun a aikinka, ka faɗi fassarar da ka dogara da ita, ta Latin ce ko ta Habasha.

Ƙarni na 4 ya fi yalwar shaida. Wata mata mai suna Egeria ta ziyarci Urushalima tsakanin 381 da 384, ta rubuta wa 'yan uwanta mata a yamma yadda ake Makon Shan Wuya rana bi rana, har da tattakin ganyen dabino daga Dutsen Zaitun. A Arezzo ta Italiya aka gano rubutun a 1884. Akwai kuma wa'azin da ake yi wa masu karɓar baftisma dab da Ista ko a cikin makon Ista: na Cyril na Urushalima, na Ambrose na Milan, na John Chrysostom, na Theodore na Mopsuestia. Edward Yarnold ya tattara su a The Awe-Inspiring Rites of Initiation. Ka karanta Ambrose da natsuwa. A Milan ana wanke ƙafafun wanda ya fito daga ruwan baftisma, kuma shi da bakinsa ya amsa cewa Roma ba ta yin haka, ya ce yana son bin Roma a komai amma su ma suna da nasu hankalin. Birane biyu a ƙasa ɗaya, al'ada biyu. A tsohuwar Siriya shafewa da mai kafin shiga ruwa ita ce babba; a Roma da Arewacin Afirka shafewa da ɗora hannu bayan fitowa ne suka yi nauyi, kuma daga nan ne tabbatarwa, wato confirmation, ta ɓalle ta zama hidima mai zaman kanta a yamma.

Littattafai biyu na tarin tushe sun isa su riƙe ka shekaru. Prayers of the Eucharist: Early and Reformed na Jasper da Cuming, wanda ya fara fitowa a 1975, bugu na huɗu kuma a 2019 a hannun Bradshaw da Johnson; da Documents of the Baptismal Liturgy na E. C. Whitaker, bugu na uku na 2003 da Johnson ya faɗaɗa. In kuɗin littafi ɗaya ne da kai, ka sayi na farkon.

Ga aikin da ya fi karanta babi goma na sharhi amfani. Ka ɗauki addu'o'in godiya huɗu daga Jasper da Cuming: ta Markus ta Iskandariya, ta Chrysostom, tsohuwar ta Roma, da ta Addai da Mari. Ka ja layi huɗu a doguwar takarda, ka yanka kowace addu'a gaɓa-gaɓa: gaisuwar buɗewa, godiya, "Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki," labarin daren da aka bashe shi, tunawa, roƙon saukar Ruhu, roƙo domin ikilisiya, yabon rufewa. Za ka ga roƙo domin ikilisiya ya zo da wuri a ta Markus, kafin "Mai Tsarki". A ta Chrysostom ya zo bayan roƙon Ruhu. A ta Roma ya rabu biyu, gaba da baya. A ta Addai da Mari kuwa gurbin labarin daren nan babu komai. Duk da haka a 2001 Vatican ta amince cewa Jibin da Ikilisiyar Assuriya ta Gabas ke yi da wannan addu'ar ingantacce ne. Kuskuren da ake yawan yi a wannan aikin shi ne amfani da fassarar da edita ya riga ya cusa wa abin da "ya ɓace". Ka karanta gabatarwar edita kafin ka ja layi.

Masu sharhi, da jerin da ya dace a karanta su

The Shape of the Liturgy na Dix, 1945, ya yi tasirin da babu kamarsa. Ya ce duk ikilisiyoyi sun gaji aiki huɗu: ɗauka, godiya, gutsurawa, rabawa. Rubutunsa na da daɗi har ya kan sa mutum ya manta da neman hujja. Josef Jungmann ya fitar da tarihin Mas na Roma a 1948, wanda aka fassara da sunan The Mass of the Roman Rite. Don zamanin tsakiya har yau ba a wuce shi. Anton Baumstark ne ya kafa hanyar kwatanta tsare-tsare, kuma ƙa'idarsa guda ta cancanci haddacewa: tsofaffin al'adu sun fi daɗewa a ranaku mafi alfarma. Shi ya sa dogayen roƙe-roƙen Juma'a Mai Kyau na Roma suka tsira bayan sun ɓace daga sauran ranaku.

Amma kada ka fara da waɗannan. Ka fara da The Search for the Origins of Christian Worship na Bradshaw, bugu na biyu na 2002, domin shi ne zai nuna maka inda magabata suka cike giɓi da zato. Hujjarsa ita ce bambanci ne ya riga, haɗuwa ta zo daga baya, musamman a ƙarni na 4. Wani lokaci shakkarsa kan yi yawa har ka rasa abin kamawa, to a nan Dix zai dawo maka da hoton gaba ɗaya. Daga nan kowane reshe na da nasa: Johnson a kan baftisma da The Rites of Christian Initiation, Robert Taft a kan addu'o'in safe da yamma da The Liturgy of the Hours in East and West na 1986, Cyrille Vogel a kan rubuce-rubucen zamanin tsakiya, Thomas Talley a kan shekarar ikilisiya. Talley ne maganin maganar nan da ake maimaitawa kowace Disamba cewa kawai bikin arna aka mayar Kirsimeti. Wannan ra'ayi ɗaya ne cikin biyu. Ɗayan ya ce an lissafa ne daga 25 ga Maris, ranar da aka ɗauka ta mutuwar Yesu da kuma ɗaukar cikinsa, aka ƙara wata tara. Shaida mafi tsufa ta 25 ga Disamba a Roma tana cikin kalandar shekarar 354, a jerin da ake dangantawa da 336. Ka kawo ra'ayoyin biyu, sannan ka zaɓa.

Wani tarko ga mai dogaro da waya: abin da ke kyauta a intanet galibi tsoho ne, domin haƙƙin mallakarsa ya ƙare. Fassarorin Ante-Nicene Fathers, wato rubuce-rubucen iyayen ikilisiya na farko, da ke shafukan CCEL da New Advent na ƙarni na 19 ne. Suna da amfani don karatun farko da gano babi, amma gabatarwarsu da shekarun da suka ba rubuce-rubuce sun tsufa. Haka kundin Migne na rubuce-rubucen tsofaffin marubutan ikilisiya, mai juzu'i 221 na Latin da 161 na Girkanci: yana da sauƙin samu, sai dai inda Sources Chrétiennes ko Corpus Christianorum suka fitar da sabon bugu, nasu ake ambata.

Kan sakaramenti, wato hidimomi irin su baftisma da Jibi, rigimar daga kalmar ta fara. Girkanci na cewa mysterion, asiri. Latin ta ɗauki sacramentum, wadda kuma ke nufin rantsuwar soja. Lissafin bakwai bai zauna ba sai a Sentences na Peter Lombard, wajen 1150. Majalisar Florence ta tabbatar da shi a 1439, ta Trent a 1547. Duk wanda ya laƙaba wa Augustine "sakaramenti bakwai" ya sa masa rigar da ba a ɗinka ba a zamaninsa. Luther a littafinsa na Bautar Babila, 1520, ya fara da uku ya ƙare da biyu. A Marburg a 1529 shi da Zwingli suka jitu a kan batutuwa 14, suka rabu a kan kasancewar jikin Almasihu a Jibi. Ka karanta su da kansu, gajeru ne.

Don ganin yadda jimla ɗaya ke ɗauke da tauhidi gaba ɗaya, ka kwatanta littafin addu'ar Ingila na 1549 da na 1552. A na farko mai ba da gurasa yana cewa jikin Ubangijinmu Yesu Almasihu da aka bayar dominka ya kiyaye jikinka da ranka. A na biyu an cire wannan, an ce karɓi ka ci don tunawa cewa Almasihu ya mutu dominka. A 1559 aka manna su biyun wuri ɗaya, haka kuma suka shiga na 1662. Ga ɗarikun da ba su da rubutaccen tsari, Protestant Worship: Traditions in Transition na James White, 1989, ya raba su gida tara, har da Pentikostal. Takardar Lima ta 1982 a kan baftisma da Jibi da hidima, daga Majalisar Ikilisiyoyin Duniya, ta nuna inda aka haɗu. Juzu'i shida na amsoshin ikilisiyoyi da Max Thurian ya tattara sun fi ta armashi, domin a nan ne kowa ya faɗi abin da ba zai haɗiye ba.

In aikinka a kan sujada da al'ada ne

Takardu huɗu ne madogara. Sakin layi na 37 zuwa 40 na Sacrosanctum Concilium, takardar tsarin sujada da Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar ranar 4 ga Disamba 1963. Tsarin Mas na Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yau, da Roma ta amince da shi a 1988, inda neman gafara ya koma bayan wa'azi, ake kiran tsarkaka da kakanni masu tsabtar zuciya, ake kuma rawa a jerin gwano. Worship as Body Language na Elochukwu Uzukwu, ɗan Najeriya, 1997. Da Sanarwar Nairobi ta 1996 ta Tarayyar Lutheran ta Duniya, wadda ta ce sujada tana da abin da ya wuce kowace al'ada, abin da ke sajewa da al'ada, abin da ke ƙalubalantarta, da abin da ake aro daga wata. Kada kuma a manta Habasha, mai addu'o'in godiya 14 a littafinta, ta riga duk waɗannan.

Wanda zai yi rubutu a kan sujadar Hausa a ECWA ko COCIN ko EYN ko HEKAN, tushensa na farko ba ya ɗakin karatu, yana cikin majami'a. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 kalmomi suka zauna, kuma suna buƙatar bayani: "sujada" a bakin Kirista na nufin dukan hidimar Lahadi, alhali ga sauran masu jin Hausa kai goshi ƙasa ne. Ka fayyace kalmominka a shafin farko.

Hanyar aikin ita ce wannan. Ka nemi izinin fasto da dattawa. Ka halarci aƙalla Lahadi huɗu na yau da kullum da ɗaya ta cin Jibi. In ka je ranar godiyar kaka ko ranar Zumuntar Mata kaɗai, hoton zai karkace. Ka riƙe agogo, ka rubuta mintin da kowane sashe ya ci: waƙoƙi, sanarwa, karatu, wa'azi, baiko. Lissafin nan kan ba da mamaki, domin abin da ikilisiya ke cewa ta fi ɗaukaka ba lallai shi ne ya fi cin lokaci ba. Ka rubuta wa ke magana, da wane harshe, a tsaye ko a durƙushe, lambar waƙa a Littafin Waƙoƙi da bugun da ake riƙe da shi. Ranar Jibi ka lura da abin da ke cikin ƙoƙo, ƙoƙo ɗaya ne ko ƙanana, wa ke rabawa, wa aka dakatar, kuma waɗanda ba su ci suna fita ko suna zaune. Inda aikin ke lalacewa shi ne wajen tambaya. In ka ce wa fasto "mene ne ma'anar wannan," amsar aji zai ba ka. Ka tambayi tsohuwar da ta shekara 40 a benci ɗaya yadda ake yi da, da lokacin da aka canza, da wanda ya canza. Takardun tsarin sujada da ake rabawa a ƙofa ka tara su, ka sa wa kowace kwanan wata.

Mujallun fagen su ne Worship, wadda ta fara a 1926 da sunan Orate Fratres. Studia Liturgica, tun 1962. Da La Maison-Dieu ga mai jin Faransanci, abin da zai yi wa ɗaliban Nijar da Chadi da Kamaru sauƙi. Ƙananan littattafan Joint Liturgical Studies na Alcuin Club sun fi araha, kowanne kuma batu ɗaya ya kama. Atla Religion Database ne wurin neman maƙala in makarantarka ta biya. In ba ta biya ba, shafin JSTOR na barin mai asusun kyauta ya karanta wasu a kan allo, shafin AJOL kuma na da mujallun Afirka.

Wajen ambato, tsohon rubutu da lambar babi da sashe ake nuna shi, kamar Didache 7:1-3 ko Justin 67, saboda lambar shafi na canzawa daga bugu zuwa bugu. Sai ka ƙara sunan mai fassara da shekarar fassararsa. In kai ne ka mayar da nassin Hausa daga Turanci, ka faɗi haka a fili, ka kuma faɗi Turancin wa ka bi.